Adakar da Baba ta buɗe mini a Winnipeg

Maman Amira (Winnipeg):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri, rubutun zai yi tsawo. Abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi.

Shekararmu shida a Winnipeg, a ƙasar Kanada. Muna da maƙwabciya tsohuwa, ta haura tamanin, ita kaɗai ce a gidanta. Yaran unguwa duk "Baba" suke ce mata. Farkon zuwanmu na zaci kunnena ne, ashe a harshen Yukren haka ake kiran kaka mace, namijin kuma "dido". Maigidana ke kwashe mata dusar ƙanƙara a ƙofar gida da hunturu, ita kuma ba ta barin yarana su wuce hannu rabbana.

Ranar Lahadi ta kira ni in taya ta haɗa kaya, za ta sayar da gidan ta koma kusa da 'yarta. Cikin kayan muka ci karo da wata 'yar adaka ta ƙarfe, tsatsa ta cinye gefenta. Ta zauna a bakin gado ta buɗe. Abu uku ne a ciki. Wani dogon tawul fari mai ɗinkin jan zare da baƙi. Hoton wani saurayi mai gashin baki, ya sa kwat ɗin da ya fi ƙarfin kafaɗunsa. Sai wata takarda da aka ninke har ta tsage a wajen ninkin, hatimin 'yan sanda reras a jikinta.

Saurayin kakanta ne. An haife shi a wani ƙauye a Galisiya, wajejen Ternopil a yammacin Yukren ta yau, lokacin yankin yana hannun Ostiriya. Su biyar ne maza a gidansu, gonar uban kuwa ko mutum ɗaya ba za ta riƙe ba. Ya biyo wansa Kanada dab da yaƙin duniya na farko, ya shiga aikin lebura a layin dogo. Aiki ya tsaya, yaƙi ya ɓarke a 1914, sai aka wayi gari takardunsa na Ostiriya sun mayar da shi abokin gaba, domin Kanada na yaƙi da Ostiriya. Aka kama shi, aka tsare a Brandon, daga nan aka kai shi cikin duwatsun Alberta yana saran itace a bayan waya mai ƙaya. Da aka sake shi ya koma wajen garin Dauphin a lardin Manitoba, ya yi aure, ya share daji da gatari ya yi gona. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa buɗe baki ya faɗa wa kowa an tsare shi ba. Bayan rasuwarsa suka ga takardar.

Ɗansa, wato mahaifin Baba, ya sha bulala a makaranta saboda magana da harshen gida. Da ya girma ya shigo birni neman aiki, sai ya datse sunan gidansu ya mai da shi irin na Ingilishi. Yau jikokin Baba akwai likita, akwai injiniya, amma ba wanda zai iya gaishe ta da harshen kakan nan.

Ta dube ni ta ce, "Ke da kika zo jiya-jiya, faɗa mini, kakana riba ya ci ko faɗuwa ya yi?" Wallahi na kasa ba ta amsa. Na nemi izininta in kawo maganar nan, ta yarda, ban da suna.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Maman Amira, ni ban ga abin wahala a tambayar nan ba. Mutum ya bar yunwa ya zo ya mallaki gona, zuri'arsa ta yi ilimi, ta zauna lafiya. 'Yan uwansa da ya baro fa? Yaƙin duniya biyu duk a kansu aka yi, sannan mulkin Sobiyet ya biyo baya. Riba ya ci, riba mai yawa ma.

Hajiya Babba:
Baban Khalifa, kada ka yi saurin yanke hukunci. Mai riba ba ya ɓoye takarda a ƙasan adaka shekara da shekaru.

Malamin Tarihi:
Allah Ya saka da alheri, Maman Amira. Bari in ɗan shimfiɗa yadda abin ya faro, domin labarin bawan Allahn nan labarin dubban mutane ne.

A watan Satumba na 1891 wasu manoma biyu daga ƙauyen Nebyliv, Ivan Pylypiw da Wasyl Eleniak, suka sauka a Kanada. Su ake lissafawa a matsayin na farko. Daga lokacin zuwa 1914 mutanen Yukren kusan 170,000 suka bi sawunsu, akasari daga Galisiya da Bukovina. Abin da ya koro su ƙarancin ƙasa ne. An soke bautar gandu a Galisiya tun 1848, amma manyan gonaki da dazuzzuka da makiyaya suka ci gaba da zama a hannun masu sarauta. Talaka ya raba 'yar gonarsa ga 'ya'ya, su ma su raba wa nasu, har ta koma kamar zirin tabarma.

Da farko ma Brazil da yawansu suka nufa, jihar Parana, inda har yau garin Prudentopolis yake cike da jikokinsu. Wani malamin aikin gona daga Lviv, Dakta Josef Oleskiw, ya ji labarin irin wahalar da ake sha a can, ya zo Kanada da kansa a 1895 ya duba, ya koma ya rubuta wa manoma cewa nan ta fi. A 1896 Clifford Sifton ya zama ministan cikin gida, yana neman masu juriyar da za su cika filayen yamma. Dokar filaye ta 1872 ta ce mutum ya biya dala 10 a ba shi eka 160. Sharaɗi shi ne ya gina wurin kwana, ya zauna aƙalla wata shida a kowace shekara har shekara uku, ya kuma nome wani sashe, sannan a ba shi takardar mallaka.

Hanyar kuwa: jirgin ƙasa zuwa Hamburg ko Bremen a Jamus, jirgin ruwa zuwa Halifax ko Quebec, sannan kwanaki a jirgin ƙasa a kan bencin katako har Winnipeg. Garin da kike zaune, Maman Amira, nan ne ƙofar da kusan kowa ya bi.

Manomi Ɗan Funtuwa:
Malam, tsaya. Eka 160 a dala 10? Wannan ai hekta 65 ke nan. To in haka ne me ya kai kakan nan aikin lebura? Me ya hana shi karɓar tasa tun ranar da ya sauka?

Malamin Tarihi:
Alhaji, kai manomi ne, ka san fili daban, gona daban. An ba ka daji, ba sa, ba garma, ba iri, ba kuɗin cefane, ga hunturu na tafe da sanyin da ke kai digiri 30 ƙasa da sifili. Dole maza su fita neman kuɗi a layin dogo, ko ma'adinai, ko girbi a gonakin waɗanda suka riga su kafuwa. Samari marasa aure da suka zo daga baya, irin kakan Baba, da yawa ma aikin suka zo yi su tara kuɗi.

Akwai wani abu kuma da zai ba ka mamaki. Da aka ce su zaɓa, da yawansu sun ƙi buɗaɗɗen fili mara itace, suka zaɓi daji. A gida itacen girki ma sai sun saya ko sun yi wa mai daji aiki, don haka ganin itace kyauta ya ja hankalinsu. Kuma kowa na son zama kusa da 'yan ƙauyensu. Wasu sun dace da ƙasa mai kyau, kamar gabashin Edmonton. Wasu kuma, irin na Stuartburn da yankin tsakanin tafkunan Manitoba, suka faɗa kan duwatsu da fadama.

Manomi Ɗan Funtuwa:
Allahu Akbar. Wanda ya taɓa tumɓuke kututture ɗaya da hannu ya san abin da ake nufi. Ni na fahimce su. Wanda ya tashi cikin rashin abu, in ya gan shi a banza ba ya iya wucewa.

Maman Amira (Winnipeg):
Malam, maganarka ta tuna mini da matar kakan. Ita tana yarinya ƙarama iyayenta suka zo da ita, shekaru kafin shi. Baba ta ce hunturunsu na farko a cikin rami suka yi shi. Ana haƙa ƙasa kamar zurfin ƙugu, a jingina sanduna a sama, a rufe da ciyawa da ƙasa. Suna kiransa "burdei". Uban ya tafi aikin dogo, uwar ce da yara a ciki. Da bazara su shiga daji haƙar wata saiwa da ake sayarwa don magani, a musanya da gari da gishiri.

Daga baya suka yi gidan gungumen itace, suka yaɓe shi da laka da aka kwaɓa da ciyawa da kashin dabbobi, suka shafa farar ƙasa, suka yi rufin ciyawa, ga tanderun laka a ciki wanda yara ke kwana a kansa don ɗumi. Tana bayani ina ganin yaɓen ɗakin kakata. Na ce mata mu ma haka muke kwaɓa ƙasa, da ƙafa. Ta kama hannuna ta riƙe.

Malamin Tarihi:
Kuma ba duk yaran suka tsallake ba. A 1899 wata ƙungiyar sababbin zuwa ta yada zango a bakin tafkin Patterson a Manitoba, suna jiran a nuna musu filayensu. Zazzaɓi mai jan ƙuraje ya shiga cikinsu, yara fiye da arba'in suka rasu cikin 'yan makonni. Kabarinsu na bai ɗaya yana nan har yau.

Hajiya Babba:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baban Khalifa, ka ji kuɗin da aka biya. Ba dala 10 ba ne.

Baban Khalifa:
Hajiya, na ji, kuma ban raina wahalarsu ba. Amma ai a can gida ma yara na mutuwa. Abin da nake cewa, wahalar da ta haifi ɗa mai ido ba asara ba ce. Ina da labarin cewa har gwamna janar na Kanada sun yi.

Malamin Tarihi:
Haka ne, Ray Hnatyshyn, daga 1990 zuwa 1995. Roy Romanow ya shugabanci Saskatchewan, Ed Stelmach ya shugabanci Alberta. Yau masu asalin Yukren a Kanada sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu.

Amma ku bar ni in koma kan takardar nan mai hatimi, domin ita ce zuciyar maganar. Daga 1914 zuwa 1920 gwamnati ta tsare mutum 8,579 a sansanoni 24, kimanin 5,000 daga cikinsu 'yan Yukren ne. Wasu kusan 80,000 kuma aka tilasta musu rajista, su riƙa yawo da takarda suna kai kansu wajen 'yan sanda a buga musu hatimi. Waɗanda aka fi kamawa su ne leburori marasa aiki, waɗanda ba su karɓi takardar zama 'yan ƙasa ba. A Castle Mountain, kusa da Banff, sun yi aikin hanya da share daji a kan santi 25 a rana. Wurin da masu yawon buɗe ido ke zuwa ɗaukar hoto yanzu, da guminsu a ciki. A Spirit Lake ta Quebec har mata da yara aka kai. Mutum 107 ne suka mutu a tsare. Da ƙarancin ma'aikata ya tsananta a 1916 da 1917 sai aka saki yawancinsu aka miƙa su ga kamfanoni da gonaki. A 1917 ɗin kuma aka yi dokar da ta ƙwace ƙuri'a daga waɗanda suka fito daga ƙasashen abokan gaba suka zama 'yan ƙasa bayan 1902.

Abin da ya fi ciwo, waɗannan mutane Ostiriyar ce suka gudo wa. Sai a 2005 majalisa ta yi dokar amincewa da abin da ya faru, a 2008 aka ware dala miliyan 10 don tunawa da ilimantarwa.

Anti Mai Jego:
Ni abin da ban gane ba shi ne shirun. Ba sata ya yi ba, ba kisa ba. Zalunci aka yi masa. Me zai sa ya ɓoye wa 'ya'yansa?

Hajiya Babba:
'Yata, ba ki san maza irin na da ba. Mutumin da aka taɓa ƙidaya shi kamar akuya safe da yamma, ba ya son ɗansa ya kalle shi ya ga wannan. Sannan akwai tsoro. Wanda aka kama sau ɗaya ba tare da laifi ba ya san ana iya sake kama shi. Ina ganin shirun nan katanga ya yi wa yaransa, don su tashi ba su ƙullaci ƙasar da za su rayu a cikinta ba. Amma ki lura, bai ƙona takardar ba. Ya ajiye ta tare da tawul ɗin uwarsa. Yana so a sani, bakinsa ne ya kasa.

Anti Mai Jego:
Hajiya, na yarda da rabin maganarki. Amma katangar nan ita ta sa ɗan ya datse sunansu ba tare da ya san abin da uban ya sha a kan sunan ba. Da ya sani, wataƙila da ya riƙe.

Baban Khalifa:
Ko kuma da ya fi saurin yar da shi. Mutum na neman abin da zai ciyar da iyali, ana ganin sunansa a ce ba aiki. Ba zan zarge shi ba.

Ɗan Zariya a Saskatoon:
Jama'a, akwai wanda ba a ambata ba tun da aka fara. Filin nan da ake cewa kyauta, na wasu ne. 'Yan asalin ƙasar, Cree da Anishinaabe da Metis, suna wurin tun kafin a san da Kanada. An yi yarjejeniyoyi da Cree da Anishinaabe a shekarun 1870, yankin Dauphin yana ƙarƙashin ta biyu, ta 1871, aka tattara su a keɓaɓɓun wurare, sannan aka yanka ƙasar murabba'i-murabba'i aka raba wa baƙi. Ba ina ɗora wa kakan Baba laifi ba, talaka ne da aka nuna wa fili. Amma in ana lissafin riba da faɗuwa, a sa su a lissafin.

A nan Saskatoon za ka ga tsofaffin matan Cree da ɗankwali mai furanni, suna kiransa ɗankwalin "kokum", wato kaka. Asalinsa daga matan Yukren ne, ta hanyar maƙwabtaka da musayar kaya. Da yaƙi ya tashi a 2022 na ga 'yan asalin ƙasar da yawa sun ɗaura shi don nuna alhini.

Malamin Tarihi:
Gaskiya ka faɗa, kuma ni ya kamata in fara kawo ta. Na gode da gyara.

Dakta Ƙarami:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. A Ternopil na yi karatun likita, shekara biyar, har yaƙi ya fitar da mu a 2022. Ƙauyukan da ake magana na shiga irinsu. Ƙasa baƙa wuluk, in ka damƙa kamar ka shafa mai. Matar da na yi haya a gidanta tana da irin tawul ɗin nan, "rushnyk" suke ce masa, ta rataya a saman hotunan iyayenta. Ana shimfiɗa shi a ɗaurin aure, uwa kuma tana ba ɗanta in zai yi tafiya mai nisa.

Ba zan ɓoye ba, a hanyar fita mun ga wulaƙanci a bakin iyaka saboda launin fatarmu, kwana biyu muna tsaye cikin sanyi ana wuce da wasu. Na riƙe abin a zuciya sosai. Amma wannan matar ce ta cusa mini burodi da safar hannun ɗanta a jaka ranar da zan tafi. Da na karanta labarin mutumin nan sai na ga ashe su ma an taɓa tsayar da su a layi ana duba takardarsu.

Anti Maman Amira, ki duba bayan hoton. Yawanci suna rubutu a baya.

Maman Amira (Winnipeg):
Dakta, akwai! Layi biyu da fensir, da irin baƙaƙensu. Baba ta ce tana jin harshen kaɗan-kaɗan amma ba ta taɓa koyon karatunsa ba, 'yarta kuma ko kaɗan. Bari in shiga in ɗauko hoton in tura maka kai kaɗai, tunda wataƙila akwai suna.

Uwar Biyu (Calgary):
Kafin ta dawo, ni dai jikina ya yi sanyi. Yarana biyu a nan aka haife su. Ina yi musu Hausa suna ba ni amsa da Turanci. Jiya na ce wa babban ya gaida kakarsa a waya, daga "ina wuni" ya tsaya yana kallona. Mutanen nan sun gina coci-coci, sun gina zaurukan taro, suna da jaridu, har yau ana bikinsu duk shekara a Dauphin, amma dubi gidan Baba a tsatso na huɗu. Mu da ba mu kai su yawa ba fa?

Baban Khalifa:
Uwar Biyu, a nan kam ba ni da ta cewa. Har yanzu ina kan bakana cewa mutumin ya ci riba. Amma in aka ce mini jikan jikana ba zai iya karanta abin da na rubuta da hannuna ba, ban san ko zan sa hannu a cinikin ba.

Malamin Tarihi:
A yi wa mahaifin Baba adalci kuma. Manitoba ta soke koyarwa da harsuna biyu a makarantun gwamnati a 1916. Yaron da aka haifa bayan nan bai samu harshensa a aji ba sai dai a gida da coci. 'Ya'ya da jikokin waɗannan baƙi ne daga baya, irin su Sanata Paul Yuzyk, suka matsa har gwamnatin Kanada ta yi manufar mutunta al'adu da yawa a 1971.

Dakta Ƙarami:
Anti, na gani. Rubutun ya dushe amma ana karantawa. Akwai sunansa cikakke, sunan gidan na asali kafin a datse, na tura miki a gefe. Sauran kuma ga abin da ya ce: "Mama, ina lafiya. Kada ki damu, kwat ɗin na aro ne, amma zan sayi nawa."

Hoton nan uwarsa ya yi niyyar aika wa.

Hajiya Babba:
Ya Allah. Yaƙi ya rufe hanyar wasiƙa ke nan, ya rage a hannunsa.

Anti Mai Jego:
Ni kam hawaye nake yi.

Maman Amira (Winnipeg):
Yanzu na fito daga wajenta. Na karanta mata fassarar, ta yi shiru, sannan ta ce in sake. Na sake har sau uku. Ta ce ita duk rayuwarta ta ɗauka kwat ɗinsa ne, tana mamakin yadda ya rame haka.

Dakta, tana roƙon alfarma. Wai ko za ka karanta layi biyun nan da harshen, da muryarka, ka turo, har da sunan gidan yadda ake furta shi daidai. Tana so ta kunna wa jikokinta ranar Asabar in sun zo ɗaukar kaya. Adakar kuma ta ce ba za ta shiga motar kaya ba, a cinyarta za ta riƙe.

Dakta Ƙarami:
To Anti. Ina wajen aiki yanzu, akwai hayaniya. In na koma gida bayan isha'i zan yi a natse in turo, in sha Allah.